GAJERIYAR WAYA, DOGUWAR HASARA

Bayan kaka, sa'ad da masara da dawa da waken soya suka shiga buhu, kuɗi kuma ya shiga hannu, shi ne lokacin da mutanenmu na Kazage da Damari da Dogon Dawa da Kuyello sukan yi sayayyar da suka daɗe suna buri. A zamanin iyayenmu keke ne, da rediyo, da kwanon rufi. Yanzu an ƙara da firiji, da firiza, da na'urar markaɗe, da butar lantarki, da dutsen guga. Wani don gidansa zai saya, wani don sana'ar ƙanƙara da zoɓo da kunun aya, wasu kuma zumuntar mata ce ta yi adashi ta saya domin ƙungiya.

Kowa ya san irin shekarun wahalar da ƙasar Birnin Gwari ta sha, da yawan dukiyar da ta salwanta. Da aka sake buɗe kasuwar shanu ta Birnin Gwari a watan Nuwamba 2024, mutane da yawa suka ɗaura ɗamarar sake gina abin da ya rushe. Wanda yake tashi daga tushe ba shi da rarar kuɗin da zai sayi firiza sau biyu. Saboda haka muka ga ya kamata mu yi magana a kan wani ƙaramin abu wanda yake jawo babbar hasara, watau wayar da ke bayan waɗannan kaya.

Ga yadda abin yakan faru. An kawo sabuwar firiza gida, an ajiye ta inda ake so, sai a tarar wayarta ba ta kai soket ba. Saura ƙafa biyu ko uku. Nan take sai wani yaro mai ɗan sanin wuta ya kawo reza, ya yanke fulogin, ya murɗa wata waya a kai, ya naɗe da baƙin salatif ko da leda. Firiza ta tashi, kowa ya yi murna. Abin da ba a sani ba shi ne, a cikin minti biyar an yi ɓarna iri biyu: an buɗe wa gobara ƙofa, an kuma zubar da garantin da aka biya kuɗinsa. Shawararmu a taƙaice ita ce, kada ku yanke wayar. Ku kai soket wurin kayan, ko ku kai kayan wurin soket. Bari mu bayyana dalili.

DON ME AKA YI TA GAJERIYA?

Mutane da yawa suna tsammani rowa ce ta sa kamfanoni suke gajarta waya. Gaskiya ne jan ƙarfe yana da tsada, amma ba shi ke nan ba. Wayar butar lantarki ko ta tukunyar suya da gangan aka gajarta ta. In ta yi tsawo za ta riƙa reto daga kan tebur, yaro mai rarrafe ya kama ya ja, tafasasshen ruwa ko mai ya kwararo masa a ka. Ko kuwa uwar gida ta harɗe da ita tana ɗauke da tukunya. Ku duba ɗan littafin da ke zuwa cikin kwalin irin waɗannan kaya, sau da yawa za ku ga an faɗi wannan dalili ƙarara.

Dalili na biyu shi ne, masu ƙera kayan sun ɗauka cewa a kowane ɗakin girki akwai soket a bango, sama da tebur, kusa da inda ake aiki. Haka gidajen Ingila da Jamus da Sin suke. Mu kuwa ɗakunanmu da yawa soket ɗaya ne tak, kusa da ƙofa, madafa kuma tana can tsakar gida. Ashe laifin ba na wayar ba ne. Wayarin gidan ne bai cika ba, shi ne kuwa ya kamata a gyara.

Dalili na uku, kowace waya an auna kaurinta da tsawonta daidai da ƙarfin wutar da na'urar za ta ja. Wannan yana bukatar ɗan lissafi, amma ba mai wuya ba ne.

LISSAFIN DA KOWA ZAI IYA

Wutar lantarki kamar ruwa take a cikin bututu. Ƙarfin turawa shi ne bolt, yawan abin da ke gudana shi ne amfiya, aikin da ake samu kuma shi ne wat. Wutar gida a Nijeriya bolt 230 ce. A bayan kowace na'ura, ko a ƙarƙashinta, akwai ɗan tambari da aka rubuta lamba tare da harafin W. Wannan lambar ita ce wat. Ku raba ta da 230, abin da ya fito shi ne amfiyar da na'urar ke ja.

Butar lantarki mai wat 2,000 tana jan kusan amfiya 9. Murhun lantarki mai wat 1,500 yana jan amfiya 6 da rabi. Dutsen guga mai wat 1,200 yana jan amfiya 5 da 'yan kai. Na'urar markaɗe mai wat 400 ba ta kai amfiya 2 ba. Ku lura, duk abin da aikinsa zafi ne, shi ya fi cin wuta.

To, waya fa? Ana auna kaurin jan ƙarfen da ke cikinta da murabba'in milimita, akan kuma buga lambar a jikin robar. Mai lamba 0.5 amfiya 3 take ɗauka, mai 0.75 amfiya 6, mai 1.0 amfiya 10, mai 1.25 amfiya 13, mai 1.5 kuma wajen amfiya 15. Siririyar wayar nan mai launi biyu a murɗe, wadda ake sayarwa yadi yadi a kasuwar ƙauye, ta ƙwan fitila ce da rediyo. In aka ɗora mata buta mai amfiya 9, an ɗora wa jaki kayan raƙumi.

Ga misali. A ce an ja waya mai lamba 0.5 tsawon mita 20 daga ɗaki zuwa madafa, aka sa butar nan a kai. Wajen bolt 12 za su ɓace a hanya, wayar kanta kuma za ta riƙa fid da zafin da ya fi na tsohon ƙwan lantarki mai wat 100. Wannan zafi yana bin ƙarƙashin tabarma, da bayan labule, da jikin azara. Da an ja mai lamba 1.5 ce, bolt 4 kawai za a rasa, zafin kuma ya ragu zuwa kashi ɗaya cikin uku.

Firiji da firiza suna da nasu hali dabam. In suna cikin aiki ba su cin wuta da yawa, sau da yawa amfiya 1 ne ko kusa da haka. Amma a lokacin da kwamfureso zai tashi, yakan fizgi wuta ninkin wannan sau da dama na ɗan lokaci. In wayar siririya ce mai tsawo, wutar da za ta iso ba za ta isa ta tashe shi ba. Sai ku ji yana gurnani, ya yi ƙas, ya mutu, bayan jimawa ya sake gwadawa. Kowane gwaji yana gasa wayoyin da ke cikinsa, har ranar da zai ƙone. Kwamfureso kuwa shi ne zuciyar firiji, shi ne kuma mafi tsada a cikinsa.

ABIN DA KE FARUWA A WURIN JONI

Ko da wayar da aka ƙara mai kauri ce, wurin da aka murɗa da hannu shi ne raunin aikin. Silin jan ƙarfen ba su kama juna sosai, saboda haka wurin yakan ɗau zafi. Zafi yana sa ƙarfen ya yi baƙi, baƙin kuma yana ƙara hana wuta wucewa, sai zafin ya daɗu. Haka za a yi ta yi har gam ɗin salatif ya narke ya saki. Da damina danshi ya shiga, da hunturu roba ta bushe ta tsage, ɓera kuma ba ya raina waya. Duk lokacin da aka ja firizar domin shara, jonin ne ke shan jan, gama ba abin da ya riƙe shi sai salatif.

Akwai wani abu kuma da ya kamata a sani. Firiji da yawa na wannan zamani suna aiki da iskar sanyi mai suna R600a. Za ku ga an rubuta sunan a jikin kwamfureso, sau da yawa tare da hoton harshen wuta. Wannan iska tana kama wuta, dangin gas ɗin girki ce. In ta yi yoyo a ƙaramin ɗaki a rufe, joni mai tartsatsi kuma yana kwance a bayan firijin, abin da zai biyo baya ba sai mun faɗa ba.

WAYA TA UKU, MAI CETON RAI

In kun buɗe wayar firiji ko ta dutsen guga za ku ga 'ya'ya uku a ciki. Mai ruwan ƙasa ita ce mai kawo wuta. Shuɗiya ita ce ta komowa. Mai ratsin kore da rawaya ita ce wayar ƙasa. A tsofaffin kaya da tsohon wayarin gida kuwa, ja ce mai wuta, baƙa ta komowa, koriya ta ƙasa.

Wayar ƙasa a haɗe take da jikin ƙarfen na'urar. Ba ta aikin kome sai ranar da wani abu ya lalace a ciki, wuta ta taɓa jikin ƙarfen. A ranar, ita za ta kwashe wutar ta kai ƙasa, fis ya ƙone, wuta ta yanke. In babu ita, jikin firizar zai zauna ɗauke da bolt 230 yana jiran wanda zai taɓa. Wanda zai taɓa kuwa yawanci yarinya ce da aka aika ta ɗauko ƙanƙara, ba takalmi, hannu a jiƙe, daɓen siminti a jiƙe. Wutar da ba ta kai kashi ɗaya cikin goma na amfiya ɗaya ba ta isa ta tsai da zuciyar mutum.

Mai joni a gida kusan kullum da waya mai 'ya'ya biyu yake yi, domin ita ce mai araha. Ta ukun sai ya datse ta, ya ce ba ta da amfani, tun da firiza tana tashi ba tare da ita ba. In kun taɓa jin firiji yana ɗan jan hannu, kada ku ce halinsa ne. Gargaɗi ne. Ku cire shi daga wuta, ku kira mai gyara.

Fulogin nan namu mai ƙafa uku masu kusurwa daga Ingila muka gaje shi, inda aka fara aiki da shi a 1947. Doguwar ƙafar ta sama ita ce ta ƙasa, ita ke fara shiga, ita ke fita daga ƙarshe. A cikinsa kuma akwai fis, mai amfiya 3 ko 5 ko 13, wanda aikinsa shi ne ya ƙone kafin wayar ta ƙone. Wanda ya yanke fulogi ya cusa tsirarar waya a soket da tsinken ashana ya zubar da wannan kariya duka. Haka kuma wanda ya naɗe fis da takardar taba ko ya sa ƙusa a madadinsa.

ME TAKARDAR GARANTI TA CE?

Garanti alkawari ne tsakanin mai ƙera kaya da mai saye. Kamfani ya ce, in kayan nan ya lalace cikin lokaci kaza saboda kuskuren ƙira, zan gyara ko in musanya kyauta. Yawanci shekara ɗaya ce, wasu kamfanoni kuma sukan ba kwamfureso lokaci mafi tsawo. Ko Haier Thermocool kuka saya, ko Scanfrost, ko LG, ko Hisense, ko Nexus, kowane yana da nasa sharuɗɗa, tilas ne ku sa a karanta muku na wanda kuka saya. Amma akwai abubuwan da kusan dukansu suka yi tarayya a kai. Ba su ɗaukar ɓarnar da ta zo daga mugun amfani, ko daga wuta mai hawa da sauka, ko daga wayarin gida marar kyau. Ba su kuma ɗaukar kayan da aka sāke wa wani abu, ko wanda wani da ba wakilinsu ba ya kwance.

Wayar bayan firiji gaɓa ce ta firijin, kamar ƙofarsa. Littattafan kayan da yawa sun ce in ta lalace, kamfanin ne ko wakilinsa ko wani ƙwararre zai sāke ta. Littattafan firiji da yawa har wa yau suna hana amfani da wayar ƙari. Saboda haka in kwamfureso ya ƙone a wata na biyar, kuka ɗauko firiza a mota tun daga Kazage har Kaduna ko Zariya ko Funtuwa, abu na farko da ma'aikacin zai duba shi ne bayanta. Da ya ga baƙin salatif, magana ta ƙare. Zai ce jonin ne ya ƙona ta. Wataƙila gaskiyarsa ce, wataƙila kuma tun daga masana'anta kwamfureson yake da ciwo, amma ku ba ku da yadda za ku nuna haka. Ga kuɗin mota zuwa da dawowa, ga kuɗin sabon kwamfureso, ga cinikin makonnin da aka rasa. Daga garin Birnin Gwari zuwa Kaduna kaɗai ya fi kilomita 100. Garin gyaran gira an rasa ido.

Ban da garantin kamfani, akwai kuma dokar ƙasa. A farkon 2019 aka sa hannu a kan dokar gasa da kare hakkin masu saye ta tarayya, wadda ta kafa hukumar FCCPC a madadin tsohuwar majalisar kare masu saye da aka kafa da dokar soja ta 1992. Bisa ga wannan doka, mai saye yana da hakkin samun kaya mai inganci, wanda zai yi aikin da aka saye shi dominsa. In kayan ya kasa, yana da iko ya mayar wa wanda ya sayar masa cikin wata uku, a gyara, ko a musanya, ko a mayar masa da kuɗinsa. Rubutun da wasu 'yan kasuwa ke yi a gindin rasit, cewa kayan da ya fita ba ya dawowa, bai soke wannan hakki ba. Amma ku lura, dokar tana kare mutum daga kayan da ya zo da aibi. Ba za ta tsaya wa wanda ya ɓata kayansa da hannunsa ba.

A Amurka akwai wata doka ta 1975 wadda ta hana kamfani ya tilasta wa mai saye cewa sai da kayan gyaransa ko ma'aikatansa kaɗai garanti zai tsaya, sai fa in kyauta yake bayarwa. Wasu samarinmu sukan ga irin wannan magana a waya su ɗauka ta shafe mu. Dokar Amurka ce, ba ta Nijeriya ba. Ko a can ma, in gyaran da mutum ya yi ne ya jawo ɓarnar, kamfani ba zai biya ba.

TO, YAYA ZA A YI?

Ga hanyoyi huɗu, mun jera su daga mafi kyau.

1. Ku matsar da kayan. Sau da yawa gyara zaman ɗaki kawai ake bukata. A kau da buhunan hatsi ko gado, firiza ta koma kusa da soket. Ku bar tazarar tafin hannu ko fiye tsakaninta da bango domin iska, kada kuma ku ajiye ta inda rana ke bugu ko kusa da murhu.

2. Ku sa a ƙara soket. Wannan shi ne magani na ainihi. Mai wayarin da ya san aikinsa zai ja waya mai lamba 2.5, mai 'ya'ya uku, cikin bututu, ya kafa soket mai makunni a inda kuke so, sama da inda ruwa ko hannun yaro zai kai. Ku sa shi ya duba ko gidan yana da sandar ƙasa, watau ƙarfen da ake kafawa cikin ƙasa a haɗa wayar ƙasa da shi. In babu, soket mai rami uku ado ne kawai. In da hali, a sa na'urar nan mai yanke wuta da kanta in ta ji yoyon miliamfiya 30. Garantinku kuma yana nan daram, gama ba a taɓa kayan ba.

3. In tilas ne, ku yi amfani da wayar ƙari mai kyau, wadda ake sa fulogi a cikinta ba tare da an yanke kome ba. Ta zama mai 'ya'ya uku, mai lamba 1.25 ko 1.5, mai fis, gajeriya gwargwadon bukata. Fulogi ɗaya amfiya 13 ne iyakarsa, watau wajen wat 3,000, kome yawan ramukan da ke jikin allon. Buta da dutsen guga tare sun wuce wannan. Kada a haɗa wayar ƙari da wata wayar ƙari. Kada a bar ta a naɗe sa'ad da take aiki, gama naɗaɗɗiyar waya ba ta fid da zafinta. Kada ta bi ƙarƙashin tabarma ko ƙofa, kada kuma ta kwanta a ƙasa inda ake wanke-wanke. Bayan minti goma da kunnawa ku taɓa fulogin da wayar. In da zafi, ku kashe. Ga firiji da firiza kuwa, wannan hanya ta 'yan kwanaki ce kafin a ƙara soket.

4. In garanti ya ƙare, ko kuwa kayan na hannu ne irin na Beljiyam wanda dama ba shi da garanti, ƙwararren mai gyara zai iya cire tsohuwar wayar ɗungum, tun daga cikin na'urar, ya sa sabuwa guda ɗaya mai tsawo, mai kaurin da ya dace, da fulogi mai fis. Ba joni a tsakiya. Amma buta da tukunyar suya a bar su da gajeriyar wayarsu saboda yara.

A KULA DA WAYAR JABU

Ba kowace waya ce lambar da ke jikinta take faɗin gaskiya ba. Akwai wadda robar ce mai kauri, silin ciki kuwa 'yan kaɗan. Akwai wadda alminiyam ce ko baƙin ƙarfe aka shafa wa ruwan jan ƙarfe. Alminiyam ba ya kai wuta kamar jan ƙarfe, wajen kashi 60 cikin 100 ne kawai, yana kuma saurin karyewa. Ku kankare silin da wuƙa. In ciki fari ne, ba jan ƙarfe ba ne. Ku kuma gwada da mayen ƙarfe, gama jan ƙarfe na gaske ba ya kama shi. Hukumar SON, wadda aka kafa a 1971 domin kula da ingancin kaya, tana ba wayoyin da aka ƙera a ƙasar nan bisa ƙa'ida alamar NIS. Ku nemi wannan alama da sunan kamfani a jikin wayar. Araha ba ta ado.

IN FULOGIN BAI SHIGA BA

Wasu kaya sukan zo da fulogi mai ƙafa biyu zagayayyu irin na ƙasashen Turai. Kada ku zura tsinke a ramin sama ku tura shi da ƙarfi. Ku lura kuma, irin babban fulogin nan na Jamus yana da wayar ƙasa, amma a gefensa take, wasu 'yan ƙarafa ne guda biyu. Ƙaramar adafta mai araha ba ta taɓa su, sai kayan ya zauna ba kariya. Abin da ya fi shi ne ku duba fulogin tun a kanti, kafin ku biya. In bai dace ba, ku ce mai kantin ya ba ku adafta mai haɗa wayar ƙasa, ko ya sa ma'aikacinsa ya sāke fulogin, ya kuma rubuta haka a rasit ya sa hannu. Kayan hannu da suka fito daga Amurka kuwa na bolt 120 ne. In aka sa su a wutarmu kai tsaye, nan take za su ƙone.

JANARETA DA SOLA

A inda wutar gwamnati ba ta kai ba, ko ba ta zama, da janareta ko sola ake aiki, a nan ne kuma aka fi jan doguwar waya. Daidai ne a ajiye janareta a waje nesa da ɗakin kwana, gama hayaƙinsa yana kisa cikin barci ba tare da an ji wari ba. Amma in za a nisanta shi, sai a ƙara kaurin wayar. Ƙaramin janaretan nan da bai kai wat 1,000 ba ba zai ɗauki buta ko murhu ba, tashin babbar firiza ma yakan gagare shi. Haka inbata, tana da iyakarta a rubuce a jikinta. In wuta ta ɗauke ta dawo nan da nan, ku bar firiji ya huta kamar minti biyar kafin ku sake kunnawa. In kuma kun kawo shi daga doguwar tafiya a kan hanya mai gargada, ku bar shi a tsaye sa'o'i da dama kafin a sa shi a wuta, domin man kwamfureso ya koma mazauninsa.

IN TSAUTSAYI YA AUKU

In wuta ta kama mutum, kada ku taɓa shi da hannu. Ku kashe babban makunni ko janareta. In ba hali, ku ture shi da busasshen itace, kuna tsaye a busasshen wuri. Ko da ya farfaɗo ya ce lafiya lau, a kai shi asibiti. In waya ta kama da wuta, a fara yanke lantarki, sa'an nan a zuba yashi ko ƙasa. Kada a watsa ruwa muddin akwai wuta a wayar.

KAYAN ƘUNGIYA AMANA NE

Muna da magana ta musamman ga zumuntar mata, da ƙungiyoyin matasa, da kwamitin ɗakin shan magani. Kayan da aka saya da kuɗin jama'a amana ne, za a kuwa tambaye mu yadda muka riƙe shi. A cikin kuɗin nan akwai na gwauruwar da ta sayar da kaza domin ta biya nata kason. Ranar sayayya, ku karɓi rasit mai suna da adireshin kanti, da kwanan wata, da lambar jikin kayan. Ku sa a cika katin garanti a buga masa hatimi. Ku tambayi inda ake kai gyara mafi kusa, ku rubuta. Ma'aji ya adana takardun cikin leda a akwatin ƙarfe saboda gara, wani kuma ya ɗauki hotonsu da waya, gama rasit ɗin inji yakan goge cikin 'yan watanni. Ku sa kuɗin ƙara soket cikin lissafi tun kafin a tafi kasuwa. Sa'an nan ku zaɓi mutum ɗaya wanda ba mai taɓa wayar sai da izninsa.

TAMBAYOYI DOMIN TATTAUNAWA A TARONKU

1. Joni nawa ne a gidanku, da shagonku, da majami'arku? Wa zai zaga ya ƙirga su a wannan mako?

2. Ina rasit da katin garantin kayan ƙungiyarku suke yanzu?

3. Akwai wanda ya koyi aikin wayarin sosai a garinku? In babu, ƙungiyarku za ta iya ɗaukar nauyin saurayi ko budurwa ɗaya zuwa makarantar koyon sana'a?

4. Yaya za ku isar da wannan magana ga maƙwabtanku, Kirista da Musulmi, tun da gobara in ta tashi ba ta tsayawa a bakin danga?

Wasu sukan ce tsautsayi ba ya wuce ranarsa. Amma Allah da ya ba mu rai shi ne ya ba mu hankalin kiyaye shi, rigakafi kuwa ya fi magani. Ku karanta wa waɗanda ba su iya karatu ba, ku kuma ajiye wannan shafi kusa da takardar garantinku. Allah ya kiyaye gidajenmu, ya sa albarka a aikin hannuwanmu. Amin.